Inda Tutar Kaka Ta Kwana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai rai duka baƙo ne, kuma Kaka ya gama nasa baƙuncin ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa na unguwar Hindawiyya a Jidda, fuskarsa na kallon ƙofa kamar yadda ya saba zama duk tsawon rayuwarsa.

An shimfiɗa wa maza tabarmi a lungu, mu mata muna ciki. Wani tsoho da suka yi dakon ruwa tare tun suna samari ya yi kuka har rawaninsa ya warware, bai kuma yarda kowa ya naɗa masa ba. Ɗan kafilin Kaka, wato ɗan mutumin da ya tsaya masa yake zaune a ƙasar, wani Balarabe mai tumbi, ya sha gahawa a tsaye, ya ce marigayi mutum ne mai amana ko da yake bai taɓa yarda da kowa ba. Amma yawancin masu zuwa, da zarar sun ce "Ya ƙarin haƙuri?" an ce musu "Da godiya," sai su rage murya su matso.

"Tutar fa? Wa ya bar wa?"

Goggo, babbar 'yarsa, ita ta ciro mabuɗin daga wuyansa kafin a yi masa wanka. Da aka dawo daga maƙabarta ta jawo akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado, mata suka kewaye ta, wasu har da gyara lulluɓi. Ta buɗe. Ƙamshin kanumfari ya tashi, shi ne kaɗai abin da ya rage a ciki. Goggo ta daɗe tana kallon gindin akwatin, sannan ta ɗago ido zuwa labulen da ya raba mu da maza, inda ake jin muryar maigidana yana karɓar gaisuwa.

"To," in ji ta, yadda har na bakin ƙofa za su ji, "wanda ya kasa raba shi da ita yana da rai, ya samu sa'a da yana kwance."

Na ji idanunsu a bayan wuyana kamar zafin rana. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina so a tuna da Kaka yadda yake, kuma ina so a san abin da ya faru da tutar, domin sunan uban 'ya'yana yana rataye a jikinta.

Kaka bai san garin da aka haife shi ba sai a bakin mutane. Yana ƙaramin yaro, wanda ake goyawa rabin hanya ya taka rabi, iyayensa suka bi ayarin da ya yi hijira gabas lokacin da Nasara suka ci ƙasar Hausa. A Sudan ya girma, a can ya binne ubansa, wanda ya yi tafiyar nan duka don ya mutu kusa da Ka'aba amma ƙasa ta karɓe shi kafin ya ga teku. Kaka ya ƙetaro a jirgin ruwa na katako, ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya zama mai tarbar alhazai a bakin tasha. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, don haka a hannunsa na tashi, kuma kamar kowane kaka da jikarsa, amarya yake kirana.

Ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. Yakan ce, "In mutum ya gaishe ka sau biyu a yini ɗaya, duba takalmanka." Ba ya shan shayi sai wanda ya zuba ya fara kurɓa.

"Amarya, kurɓa ki miƙo."

"Haba Kaka, ni ce fa."

"Ai shi ya sa. Matar tsoho ita ke da riba in ya mutu."

Duk da haka, lokacin aikin Hajji ba ya dawowa gida shi kaɗai. Sai ka gan shi da wani tsoho da ya ɓace wa ayarinsa, ko wanda zazzaɓi ya kayar a bakin tasha. Zai sa a dama masa kunu, ya ba shi shimfiɗarsa, shi kuma ya jingina a bakin ƙofa wai don kada baƙon ya gudu da buta. In Allah Ya karɓi ran mutumin, Kaka ne mai wanka, Kaka ne a gaban makara. Yana zarginsu yana ciyar da su, kuma ban ga ɗayan ya rage ɗayan ba.

Tutar kuwa ta ubansa ce. Farin saƙi ne irin na gida, ƙwarya-ƙwarya aka ɗinke, ya yi ja-ja saboda tsufa, babu rubutu ko ɗigo a jikinsa. Akwai wata huda a gefe da Kaka ke cewa harsashin Nasara ne. Sau ɗaya a shekara yakan fito da ita ya shanya a cikin ɗaki, don raɓar Jidda ba ta barin tufa lafiya. Ina yarinya nakan kwanta ina kallonta tana motsi a hankali, ina ganin mahaya da mata masu goyo suna ratsa daji a kanta, farin wata yana bin su a baya kamar mai rakiya. Ba a zama a kan akwatinta, ba a tsallake shi, mai haila ba ta taɓa shi.

Shekarar da ƙasar gida ta samu mulkin kai, aka ce za a sauke tutar Ingila daga kan gidan da gwamnati ke kula da alhazanmu, a ɗaga sabuwa, kore da fari. Kaka ya tara dattawan da suka zo ta Sudan, suka tafi da buƙata guda: a kafa sanda ta biyu a kan rufin, a ɗaga tutar ubansa kusa da sabuwar. Hujjarsa ita ce wannan ƙyallen ya ce wa Nasara a'a tun kafin a haifi masu ɗinka kore da fari.

Maganar ta raba unguwa. Bangon gidanmu na katako ne, kuma a jikinsa aka jingina rumfar mai gahawa, saboda haka duk abin da maza suka faɗa bayan la'asar a kunnena yake sauka. Waɗanda kakanninsu suka yi hijira suna cewa haƙƙi ne. Waɗanda suka zo daga baya suna cewa ɗaga ta zagi ne, wato kakanninsu da suka zauna matsorata ne ke nan. Wani tela Babarbare ya ce shi dai abin da ya sani, irin wannan tutar ce ta ƙone musu birni.

"Kai Babarbare," in ji Kaka, "birnin da kuka bari a buɗe kuka tafi kallon tsagar fuskarku a rijiya?"

Aka yi dariya, telan ma ya yi, amma washegari bai zauna kusa da Kaka ba. Har ta kai an raba kofuna, masu son tuta suna gefen inuwa, marasa so suna gefen hanya, kowa yana lura da wanda ya tsaya gaisawa da wa.

A bakin rumfar akwai wata tsohuwa mai suyar waina, kowa Iya yake ce mata. An zo da ita tana yarinya cikin bayin wani attajiri, ya mutu a Makka ya bar ta da 'yancinta da tanda guda. Ba ta sa baki a zancen maza. Amma ranar da Kaka ya miƙe tsaye yana cewa duk wanda ya tsaya a ƙarƙashin tutar nan ɗan aljanna ne, sai na ji muryarta, ba ta ma daina juya waina ba.

"Malam, uwata ma ta tsaya a ƙarƙashin irinta. Da igiya a wuya."

Ina jin ƙarar mai a cikin tanda.

"Ba ta ubana ba," in ji Kaka.

"Ban duba sunan mai ita ba. Fara ce dai, in ji ta. Da safe suka shigo garinsu, suna kabbara."

Kaka ya shigo gida bai ci abinci ba. Ya ce an biya ta ne, ya lissafa mutanen da za su iya biyanta, har da mai gahawa. Amma bai sake maimaita zancen 'yan aljanna ba.

Amsar ofis wani saurayi aka aiko ya kawo, malamin ofis da ya zo daga Zariya ta jirgin sama. Ta tsagar katako na fara ganin takalmansa da ya tuɓe tun daga nesa, sannan hannunsa, sannan na ji muryarsa, mai sanyi kamar ruwan randa da tsakar rana. Zuciyata ta yi wani tsalle da ba ta nemi izinina ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, gidan alhazan nan na kowa ne. Bayarabe zai shigo, Babarbare zai shigo, jikan bawa da jikan ubangidansa za su shigo. In aka ɗaga taka, wani zai tsaya a waje. Kuma ƙasar mutane muke, sanda ɗaya suka yarda mana."

"Nasara ne suka koya maka wannan karatun?"

"A'a Baba, bakin ƙofar ofis ne ya koya mini."

"Yalla, tashi. Na ji."

Ba a yi mako ba askar, 'yan sandan ƙasar, suka zo. Da safe ne, ana shara. Suka ce an kai musu labari cewa akwai wani Takaruri mai tutar Mahadi, yana tara mutane. Suka tafi da shi da akwatin. Ba ɗauri Kaka ke tsoro ba. Abin da ke gabansa shi ne a karɓe iƙamarsa, takardar izinin zama, a sa shi a jirgi a mayar da shi Sudan, ya je ya kwanta inda ubansa ya kwanta, tafiyar mutum biyu ta tashi a banza. Yini guda suka riƙe shi. Da babbansu ya warware ƙyallen bai ga rubutu ba, ya tambaye shi mene ne wannan, Kaka ya ce likkafaninsa ne. Kafilinsa ya tsaya masa, aka ce halas, magana ta ƙare, ya tafi, amma kada a sake jin sunansa da kalmar tuta a wuri ɗaya.

Ya dawo da la'asar rungume da akwatin, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya rataya mabuɗin a wuya. Daga ranar ba wanda ya sake ganin an buɗe shi, ko don shanya. Tutar gwamnati ta hau rufi ita kaɗai.

Wa ya kai ƙara? Unguwa ba ta ɓata lokaci ba wajen ba da amsa. Wa ke jin Larabcin takarda, wa ke shiga ofisoshin hukuma, wa aka kora daga gidanmu da "yalla"? Goggo ta rantse ta ga saurayin nan yana magana da wani askari a bakin kasuwa. Ko da aka ce mata aikinsa ke nan, ya nemo alhazan da suka ɓace, sai ta ce ai ɓarawo ma yana da sana'ar rana.

Saboda haka da manyansa suka zo neman aurena bayan shekara ta zagayo, kowa ya ɗauka Kaka zai kore su da sanda. Ni kam na riga na gama kukan rabuwa, na yi sallama da shi a zuciyata a bakin teku sau ba adadi, alhali ko magana mai tsawo ba mu taɓa yi ba. Kaka ya kira ni.

"Amarya, kina son ɗan fashin nan?"

Na rufe fuska.

"Na ba shi. Gara ina ganinsa kullum a kan tabarmata da in riƙa jin labarinsa a bakin mutane."

Haka aka yi. Shekara goma sha wani abu maigidana yana zuwa gaishe shi duk Juma'a, Kaka yana ce masa ɓarawon amarya, yana sa shi kurɓar shayi kafin ya sha. In ya shigo ana hira, sai a sauya zance. Goggo ba ta taɓa kiransa da alkunya irin ta suruki ba, ɗan ofis take ce masa, kuma ba ta taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba. In ya kawo wa Kaka magani daga asibiti, sai ta kai wa maƙwabci ya karanta kwalbar tukuna. Shi bai taɓa kare kansa ba. Ya ce mini sau ɗaya, muna tafiya a bakin ruwa rana tana faɗawa cikin teku, cewa mutumin da ya fara rantsuwa ba a tambaye shi ba ya riga ya faɗi. Na riƙe wannan maganar na rayu da ita. A watannin ciwon Kaka na ƙarshe shi ne mai juya shi, mai kai shi makewayi, mai zama da shi in kowa ya fita. Abin da ya zama masa laifi ke nan da aka ga akwati ba komai.

Kwana biyun farko na makoki, maganar ta bi tabarmi ta bi tukwane. Wasu suka ce ya miƙa wa hukuma don a ƙara masa girma. Wasu suka ce ya ƙone. Wata ma ta ce Turawa na sayen irin waɗannan. Dattawan Sudan suka daina ba shi hannu sai yatsu. Goggo ta aika masa cewa bayan sadakar uku za a zauna, ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, in ya ƙi, ƙafarsa ta fita daga gidan ubanta. Na san shi. Ba zai dafa ba, kuma ba zai dawo ba.

Ranar uku da hantsi wata tasi ta tsaya a bakin lungu, aka fito da Iya. Ta daɗe da komawa unguwar Nuzla, ta rankwafa, ido ɗaya ya yi fari, amma ga tire cike da waina ta kawo sadaka. Ta zauna, ta yi addu'a, ta sha ruwa. Goggo kuwa ba ta iya riƙe zance, nan take ta shiga ba ta labarin akwati da ɗan ofis.

Iya ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ke 'yar nan, ki bar yaron mutane. Tutar tana wurina."

Goggo ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Iya, tsufa ne?"

"Tsufa ne, amma ban ruɗe ba. Makon da askar suka sake shi ya zo mini da ita a hammata, naɗe cikin buhu. Ya ajiye a gabana ya ce, ubana ya ɗauke ta, uwarki ta tsaya a ƙarƙashinta, ni na riƙe nawa rabon, ke ma riƙe naki. Na ce me zan yi da ita? Ya ce abin da kika ga dama, amma in kika faɗa wa wani ina da rai, zan ce sata kika yi."

Wata daga cikin matan ta ce, "Wallahi maganarsa ce wannan."

"Kika ƙone ta," in ji Goggo.

"Na hura wuta don haka. Da na warware ta na shafa, sai na ji zaren. Kaɗin hannu ne, irin wanda uwata ke yi har yatsunta su tsage. Na ce ashe mata ne suka kaɗa abin nan, irin su uwata, maza sanda kawai suka ɗaura masa. Sai na kasa."

"To tana ina?"

"Ina rufe ƙullu da ita. Saƙin gida yana numfashi, ƙullu na tashi da kyau a ƙarƙashinsa. Ta ƙare dai yanzu, saura kamar zanen goyo."

Salati ya tashi a ɗakin. Goggo ta dafe ƙirji.

"Tutar kakana a kan kwanon ƙullu! Shekara da shekaru muna kewaye akwati ba komai, ina dukan yara in sun zauna a kai! Iya, za ki dawo mana da ita."

"Ba zan dawo ba. Ba ke kika ba ni ba." Ta tura tiren gabanta. "Kin sha aikowa Nuzla a sayo miki, kina cewa ba wainar da ta kai tawa. Ci, ta yau ma a ƙarƙashinta ta kwana."

Ashe maza duk suna ji a bayan labule. Na so in leƙa in ga fuskar maigidana, ban leƙa ba. Ina tunanin Kaka, yadda ya yi ta yawo da mabuɗin nan a wuya, yana harara duk wanda ya matsa kusa da gado, yana gadin sirrin cewa maganar wata tsohuwa ta shige shi. Ya fi son a ce masa mai taurin kai da a ce ya ji.

Goggo ta daɗe tana kallon tiren. Ta ɗauki waina ɗaya, ta juya ta, ta duba bayanta kamar mai neman rubutu. Ta gutsura. Hawaye suka zubo mata tana tauna. Da ta haɗiye, ta share fuska da bakin mayafi, ta juya wajen labule.

"Kai, ɗan ofis. Ka ci abinci kuwa?"

Muryarsa ta zo, mai sanyin nan. "Ban ci ba, Goggo."

"To a miƙa masa. A zuba masa da yawa." Ta ja hanci. "Maganar askar kuma tana nan, ban janye ba."

Har yau ba mu san wanda ya kai ƙarar ba, kuma Goggo ta fara kallon iyalan telan nan da wani ido. Kaka dai ya samu abin da ya ƙetaro teku dominsa, ƙasar Hijaz ce ta rufe shi. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan ubansa da ya kwanta a hanya, Ya jiƙan matar da ta tsaya da igiya a wuya. Allah Ya saukar da shi inda zai karɓi abin sha ba sai wani ya fara kurɓa ba. Amin.